Kundin aikin tsara hanyoyin keke a tsaunukan Pyrenees

6 ga Afrilu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya daga mataki zuwa mataki. Aikin shi ne tsara jagora a rubuce na hanyoyin kwalta da mahayin keke zai iya bi a tsakiyar tsaunukan Pyrenees ta ɓangaren Faransa, wato yankin da ya faro daga kwarin Ossau a yamma ya miƙa gabas har zuwa kwarin Louron, kuma mafi yawansa yana cikin lardin Hautes-Pyrénées. Waɗannan tsaunuka su ne suka raba Faransa da Sifaniya, tun daga gaɓar tekun Atlantika har zuwa Bahar Rum, tsawon fiye da kilomita 400. A wannan tsakiyar kwaruruka suna kwance ne daga kudu zuwa arewa, kowanne da koginsa da ƙauyukansa, kuma ba a tsallakawa daga wani zuwa wani sai an hau mashigin dutsen da ke tsakaninsu, ko kuma a gangara har bakin fili a kewayo.

Wanda nake rubutawa dominsa ba ɗan tsere ba ne. Mutum ne mai lafiya da ya saba da keke, wanda zai iya yin sa'o'i huɗu ko biyar a kan sirdi, amma bai san yankin ba, ba shi da motar da za ta bi shi da ruwa da kayan gyara, kuma yana so ya koma masaukinsa kafin faɗuwar rana. Bayanan da aka saba samu game da waɗannan hanyoyi abu uku suke faɗa, wato tsawon hawan, tsayin mashigin, da matsakaicin tsananin hawan, sannan su ƙara da sunayen gwanayen da suka taɓa wucewa ta wurin a gasar Tour de France. Duk suna da amfani, sai dai ba su ne mutum yake nema ba sa'ad da gwiwarsa ta yi sanyi a tsakiyar hawa, ko hadari ya taso masa yana nesa da gari. Abin da yake nema shi ne ya san a wane kilomita wahalar take, ina zai sami ruwa, yaya gangarar ɗaya gefen take, kuma ta ina zai yanke ya koma idan ƙarfi ya ƙare.

Saboda haka kowace hanya za ta zama zagaye ne, ta fara a gari ta ƙare a garin, kuma ba zan rubuta wadda ban bi ta da keke da kaina ba. Tushen ma'aunina shi ne taswirorin IGN, hukumar zana taswira ta Faransa, masu sikelin 1:25,000, waɗanda suke nuna tsayin ƙasa a mahaɗar hanyoyi da gadoji da majami'un ƙauyuka. A wannan wata manyan mashigai suna rufe saboda dusar ƙanƙara, don haka zan fara da ƙananan tuddai.

21 ga Afrilu

Makonnin nan na yi su ne a yankin da ake kira Baronnies, tsakanin garin Bagnères-de-Bigorre da kwarin Neste. Ƙasa ce ta tudu da kwari, mai dazuzzuka da gonakin ciyawa da ƙananan ƙauyuka, kogin Arros yana ratsa ta, kuma hanyoyinta ƙunci ne da su har mota biyu ba sa wucewa tare sai ɗaya ta kauce. Daga Bagnères ana shiga ta mashigin Palomières mai tsayin mita 810, wanda gajere ne amma yana ɗumama jiki, daga nan sai a yi ta sauka ana hawa har a kai tsohon gidan ibadar Escaladieu a bakin kogi, a ɗaga kai a hango ganuwar Mauvezin a kan tudu.

Babu wani mashigi mai suna a nan da zai sa baƙo ya yi tattaki dominsa, amma ina ganin wannan yanki ya kamata ya zo a farkon jagoran, saboda dalili biyu. Na farko, a buɗe yake kusan duk shekara, kuma motoci kaɗan ne. Na biyu, yana koya wa mutum abin da manyan tsaunuka za su nema daga gare shi ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, domin duk inda ya gaji akwai ƙauye kusa da hanyar komawa. Sai dai kada a raina shi. Idan aka zana tashi da faɗuwar hanyar a takarda, kamar haƙoran zarto take fitowa, kuma zagayen kilomita 60 a nan yana iya tara hawan da ya haura mita dubu ba tare da an taɓa kai tsayin mita dubu daga teku ba.

Wannan ya jawo matsalar farko ta aikin, wato yadda za a ƙidaya jimillar hawa. Na'urar da ke dogara da tauraron ɗan adam kaɗai tana yin tangal-tangal wajen auna tsayi, musamman a cikin daji ko ƙarƙashin dutse, sai ta tara ƙananan kurakuran ta mai da su hawan da ba a yi ba. Wadda ke auna nauyin iska ta fi daidaito a gajeren lokaci, amma idan yanayi ya sauya da rana, ma'auninta ma yana gocewa. A hanya mai hawa ɗaya dogo bambancin ba ya da yawa, amma a ƙasa irin Baronnies yana girma ƙwarai. Na yanke cewa zan riƙa ɗaukar tsayin ƙasan kowane kwari da na saman kowane tudu daga taswira, in haɗa su da hannu, sannan in rubuta adadin da ya fi kusa a cikin hamsin-hamsin. Aiki ne mai cin lokaci, amma adadin da ya fito ta haka kowa zai iya bincikarsa.

12 ga Mayu

Na koma kwarin Argelès-Gazost, na hau Hautacam, wanda hanyarsa take kaiwa wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara mai tsayin mita 1,520. A rubuce hawan kilomita 13.6 ne da matsakaicin tsanani na kashi 7.8 cikin ɗari. Ma'anar wannan lissafi a sauƙaƙe ita ce, idan aka ce kashi 8 cikin ɗari, to a kowane kilomita ɗaya hanya tana ɗagawa da mita 80. Wanda ya karanta 7.8 zai zaci haka zai yi ta tafiya daga ƙasa har sama, alhali Hautacam ba ta da tsari ko kaɗan. Akwai wuraren da take kwanciya har ta ɗan gangara, akwai kuma wuraren da take miƙewa ta haura kashi 10, wani lokaci na dogon zango, kuma mafi muninsu suna zuwa ne bayan an wuce rabi, lokacin da jiki ya riga ya ci wuya. Kowane mita da hanyar ta sassauta a wuri ɗaya sai ta karɓe shi a wani wurin, kuma matsakaicin adadi yana ɓoye wannan gaba ɗaya.

A manyan hawan yankin hukuma ta kafa alluna domin masu keke, ɗaya a kowane kilomita, suna nuna tsayin wurin, nisan da ya rage, da matsakaicin tsananin kilomita mai zuwa. Taimako ne babba, kuma ina kwafe su duka. Amma ko kilomita ɗaya ma yana iya haɗa mita 400 na shimfiɗa da mita 600 na tsananin hawa, allon ya ce kashi 7, ƙafa kuma ta ji kashi 11. Don haka a jagoran zan raba kowane hawa ne bisa alamun da ido ke gani, daga gada zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa ƙarshen daji, in faɗi yadda kowane yanki yake.

Na kuma fara rubuta babin giyar keke, domin na ga mutane da yawa suna kokawa da dutse da giyar da ba ta dace ba. Lissafin ba shi da wuya. Tayar keken kwalta tana cinye kimanin mita 2.1 a juyi ɗaya. Idan farantin gaba yana da haƙora 34, na baya kuma 32, kowane juyin feda yana kai mutum mita 2.2 da ɗoriya, kuma da juyi 60 a minti ɗaya zai riƙa yin kilomita 8 a sa'a, wanda shi ne saurin mutum mai matsakaicin ƙarfi a hawa mai tsanani. Idan kuwa 39 ne a gaba da 25 a baya, irin wanda aka saba gani a tsofaffin kekunan tsere, to a wannan saurin juyin fedarsa zai sauko zuwa kusan 40 a minti, kowane taku sai ya danna da dukan nauyinsa, kuma gwiwa ce take biyan wannan bashi. Shawarata a jagoran ita ce mutum ya zo da giyar da yake ganin ta yi masa sauƙi da yawa, domin a sa'a ta huɗu zai neme ta.

2 ga Yuni

Zagayen farko da na kammala rubutawa daga farko har ƙarshe shi ne wanda ya haɗa mashigin Aspin da na Hourquette d'Ancizan. Ana tashi daga Arreau, a hau Aspin mai tsayin mita 1,489 cikin kilomita 12 da matsakaicin kashi 6.5, a gangara zuwa filin Payolle, a karya hagu a hau Hourquette mai tsayin mita 1,564, sannan a sauka ƙauyen Ancizan a bi kwarin Aure a koma Arreau. Duka bai kai kilomita 50 ba, hawan kuma ya kusa mita 1,300.

Ta wace fuska za a bi zagayen, wannan tambaya ce da na daɗe ina juyawa. Aspin daga Arreau hawa ne mai tsari, kwanoninsa a buɗe suke, mutum yana hango inda za shi, kuma da safe motoci ba su yi yawa ba. Hourquette daga Payolle ta fi kowace hanya da na bi zuwa yanzu daɗi, siririya ce, tana fita daga dajin ta shiga makiyaya mai faɗi, tana da ɗan gangare a tsakiya da ke ba ƙafa hutu kafin yankin ƙarshe. Matsalar tana ga saukarta zuwa Ancizan, fiye da kilomita 10 masu tsanani a cikin bishiyoyi, inda inuwa da haske suke gauraya a kan kwalta har rami ko tsakuwa su ɓace wa ido. Idan aka juya zagayen, wannan gefen ya zama hawa, saukar ƙarshe kuma ta zama ta Aspin mai faɗi da kyan gani. Wanda ya fi tsoron gangara fiye da hawa, to ya juya, wanda kuma ƙarfinsa ke da iyaka amma hannunsa ya saba da birki, ya bi yadda na fara faɗa. Zan rubuta duka biyun, kowacce da dalilinta, domin hanya ɗaya ce a taswira amma tafiya biyu ce daban.

A wannan lokaci ne makiyaya suke hawa da dabbobinsu zuwa makiyayar sama, inda za su zauna har kaka. Babu shinge, don haka shanu da dawakai da tumaki suna yawo a kan hanya yadda suka ga dama, kuma a saman Aspin da wuya a rasa shanu a kwance a gefen kwalta. Kashinsu a kan kwana yana da santsi, saniya mai ɗan maraƙi ba a matsa mata, haka ma manyan fararen karnukan da ke gadin tumaki. Wanda ya tarar da garke ya rage gudu tun daga nesa, idan ya cika hanya ya sauka ya tura kekensa a hankali. Wurin na makiyaya ne tun kafin a shimfiɗa kwalta, kuma ina so jagoran ya nuna haka a fili.

23 ga Yuni

Tourmalet, mita 2,115, shi ne mashigin da kowa yake zuwa dominsa, kuma yanzu na bi shi ta fuskokinsa biyu. Daga Luz-Saint-Sauveur a yamma kilomita 19 ne, ana ɗagawa da kimanin mita 1,400. Daga Sainte-Marie-de-Campan a gabas kilomita 17 ne da ɗan ƙari, ana ɗagawa da kimanin mita 1,270. Matsakaicin tsananin duka biyun kashi 7.4 ne, kuma wannan daidaito shi ne mafi kyawun hujjar da na samu cewa adadin ba ya isa. Gefen yamma yana tafiya kusan bai ɗaya tun daga Luz, ya ratsa Barèges, ya fita sarari, sai kilomita na ƙarshe ya tsananta zuwa kusan kashi 10. Gefen gabas kuwa yana farawa da sauƙi har ƙauyen Gripp, mutum ya ɗauka abin ba wuya, daga nan sai ya miƙe ya tsaya tsakanin kashi 8 da 9 ba sassauci, ya bi ta ƙarƙashin rumfunan kankare da aka gina domin kare hanya daga zaftarewar ƙanƙara, ya ratsa tsakiyar gine-ginen La Mongie inda ya fi tsanani, sannan ya ƙarasa. Wanda ya kashe ƙarfinsa kafin Gripp, a rumfunan nan zai gane.

A gefen yamma, sama da Barèges, akwai tsohuwar hanya da aka keɓe wa masu keke, aka sa mata sunan Laurent Fignon. Kwaltarta ba ta kai ta babbar hanyar kyau ba, amma babu mota, kuma zan ba da shawarar a bi ta wajen hawa kawai. Ƙasa da Barèges hanyar sabuwa ce a wurare da yawa, domin ambaliyar kogin Bastan ta watan Yuni na 2013 ta cinye ta, aka sake gina ta.

Tarihin wurin zai shiga jagoran, amma a taƙaice, kuma inda yake da abin koyarwa. A 1910 ne gasar Tour de France ta fara hawa nan, a zangon da ya tashi daga Luchon zuwa Bayonne, kilomita 326 da suka haɗa Peyresourde da Aspin da Tourmalet da Aubisque a rana ɗaya, a kan hanyoyin da ba su da kwalta, kuma Octave Lapize ne ya ci zangon. A 1913 ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa, ya saɓa keken ya sauko da ƙafa har Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, domin dokar gasar ta hana a taimaka masa. Har yau idan keke ya lalace tsakanin La Mongie da ƙasan kwarin, nisan bai ragu ba, don haka na sa jerin kayan gyaran da bai kamata a hau ba tare da su ba, da famfon iska da abin faci da mahaɗin sarƙa.

Abin da na fi ba muhimmanci a wannan babi shi ne sauka. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita dubu da aka hau, wato tsakanin Luz da saman mashigin akwai bambancin kusan digiri 9 ko da rana tana haske. Mutum yana isa sama a jiƙe da gumi, ya tsaya kallon dutsen Pic du Midi da gidan nazarin taurarin da ke kansa, sannan ya fara gangarar rabin sa'a ko fiye iska tana dukan ƙirjinsa, feda ba ta aiki balle jiki ya yi ɗumi. Yatsun da suka sandare ba sa jan birki yadda ya kamata. Riga mai tare iska da safar hannu ba kayan ƙawa ba ne a nan, ko a tsakiyar watan Yuli. Haka kuma riƙe birki a ja ba saki yana zafafa ƙarfen har ya rage kamawa, don haka ana ja ne da ƙarfi kafin kwana, a saki a cikinta.

Zagayen da ya ɗauki Tourmalet daga Lourdes, ta Luz, a sauka Bagnères-de-Bigorre a dawo, kimanin kilomita 100 ne. Farkonsa yana bin hanyar masu keke da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo daga Lourdes zuwa wajen Pierrefitte-Nestalas, amma daga nan zuwa Luz dole a shiga matsatsin kwazazzabo tare da motoci, kuma wannan yankin ne ya fi damuna a duk zagayen. Dokar Faransa ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a wajen gari, amma a matsatsin nan fili bai cika samuwa ba. Zan rubuta cewa a wuce shi da sassafe, da fitilar baya a kunne.

14 ga Yuli

Jiya gasar Tour de France ta bi ta nan, daga Pau zuwa Pla d'Adet a saman Saint-Lary-Soulan, ta hau Tourmalet da Hourquette d'Ancizan, kuma Tadej Pogačar ne ya ci zangon. Ga aikina abin lura shi ne yadda ranar gasar da kwanakin da ke gabanta suke sauya hanya. Motocin kwana na 'yan kallo suna cika gefen titi tun da wuri, ana rufe hanyar sa'o'i da yawa kafin 'yan tseren su iso, kuma siririyar hanya irin ta Hourquette ba ta biyuwa cikin natsuwa. Ana sanar da hanyar gasar kowace shekara tun watan Oktoba na shekarar da ta gabata, don haka zan sa gargaɗi a gabatarwa cewa mai shirin zuwa a watan Yuli ya duba ta kafin ya tsai da ranakunsa.

4 ga Agusta

Watan nan na zafi ne da cunkoson masu hutu, kuma na mai da hankali ga ruwa da lokaci. Yawancin ƙauyuka suna da famfo a dandali, amma wasu an rubuta a jikinsu cewa ruwan ba na sha ba ne, wasu kuma suna ƙafewa. Maƙabartun ƙauyuka kusan duka suna da famfo kusa da ƙofa, kuma masu keke na yankin sun daɗe da sanin haka. Ina yi wa kowane famfo alama a taswira bayan na gwada shi, kuma ina rubuta na ƙarshe kafin kowane hawa da manyan baƙaƙe, domin sama da ƙauyen ƙarshe ba a dogara da komai. Ruwan rafin da ke gangarowa daga makiyaya, komai kyansa a ido, dabbobi sun riga sun sha sun taka.

Game da lokaci, ma'aunin da nake amfani da shi shi ne mai matsakaicin ƙarfi yana hawan kimanin mita 600 a sa'a, wato Tourmalet daga Luz zai ci masa kusan sa'o'i biyu da rabi. Da wannan nake lissafa lokacin tashi, ina farawa daga ƙarshe in dawo baya. A ranakun zafi gajimare yakan taru a kan tsaunuka bayan tsakar rana, ya zama hadari mai tsawa da walƙiya, wani lokaci da ƙanƙara, kuma saman mashigi fili ne da babu mafaka. Kowane zagaye zai zo da lokacin da ya kamata a ce an bar mashigi mafi tsayi, da kuma wurin da za a juya idan lokacin ya wuce ba a kai ba. Lambar neman agaji ita ce 112, amma a cikin wasu kwaruruka waya ba ta samun layi, kuma ina rubuta waɗannan wurare ma.

Wani abu da ba ya shiga taswira shi ne gyaran hanya da ake yi a wannan lokaci, inda ake zuba kwalta a watsa ƙananan tsakuwa a kai, a bar tayoyin motoci su danne ta. Har sai ta zauna, tsakuwar tana taruwa a gefen kwana, daidai inda tayar keke take bi. Ba zan iya faɗin inda za a yi wannan a wata shekara ba, amma zan sa hoton allon gargaɗin domin baƙo ya gane shi.

8 ga Satumba

Na koma yamma domin Soulor da Aubisque. Daga Argelès-Gazost hanyar tana farawa da tsanani nan take har ƙauyen Arras-en-Lavedan, sannan ta kwanta ta ratsa Aucun zuwa Arrens-Marsous, daga nan kuma kilomita 7 na ƙarshe su tsaya a wajen kashi 8 har saman Soulor, mita 1,474. Tsakanin Soulor da Aubisque, mai tsayin mita 1,709, akwai kimanin kilomita 10 da aka sassaƙa a jikin dutse a kewayen kwarin Litor, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, da gajerun ramuka biyu da aka huda a dutsen waɗanda ba su da fitila kuma ruwa yana ɗiga a cikinsu. Ban ga wurin da ya kai shi kyau a duk yankin ba, kuma ban ga wanda hazo yake lalatawa da sauri kamarsa ba. A saukar Aubisque ne Wim van Est ya faɗa cikin kwazazzabo a 1951 yana sanye da rigar jagoran gasar Tour de France, aka jawo shi da tayoyin keke da aka ɗaura juna, ya fito da ransa. Zan rubuta a sarari cewa idan daga Soulor ba a hango hanyar Litor saboda hazo, to a bar Aubisque sai wata rana.

Domin rufe zagayen, na sauka daga Soulor ta arewa zuwa Ferrières, na hau Spandelles mai tsayin mita 1,378, hawan kilomita 10 da ɗan ƙari da matsakaicin da ya haura kashi 8, a siririyar hanyar daji da ba ta da ƙauye ko famfo. Gasar ta fara bin ta a 2022, kuma a saukarta ne Pogačar ya zame a gefen kwana ya faɗi, Jonas Vingegaard ya jira shi. Wannan zagaye ya fi ƙarfin mai karatun da na ɗauka a farko idan aka haɗa shi da zuwa Aubisque da dawowa, don haka na raba shi gida biyu. Na kuma ƙara wani ƙarami ta mashigin Bordères, mita 1,156, tsakanin Estaing da Arrens-Marsous, domin ranar da sama ta rufe ko ƙafa ta nemi sauƙi.

29 ga Satumba

Na ba wani mahayi da bai taɓa zuwa yankin ba daftarin zagayen Aspin da Hourquette, ya bi shi shi kaɗai ba tare da na'urar nuna hanya ba. Ya dawo da gyara mai amfani. Bayanin mahaɗar Payolle ya ishe shi, amma ya ce sakin layin da ke bayanin hawa ya yi tsawo ga wanda zai karanta shi a tsaye a gefen hanya yana haki, kuma ya so a ce gargaɗin saukar Ancizan ya zo kafin a kai saman, ba bayansa ba. Saboda haka kowane zagaye zai zama kashi biyu, dogon bayani na karantawa a masauki da dare, da kuma ƙaramin kati na aljihu mai nuna mahaɗai da famfuna da lokacin juyawa, kowane gargaɗi kuma ya zo kilomita ɗaya ko biyu kafin wurin da ya shafa.

Dabbobi sun fara saukowa daga makiyayar sama, safiya ta yi sanyi, kuma kwaltar da ke cikin inuwa ba ta bushewa sai rana ta ɗaga. Abin da ya rage a gabas shi ne Val Louron-Azet, mita 1,580, tsakanin Saint-Lary-Soulan da kwarin Louron, da kuma Peyresourde, mita 1,569, wanda yake kaiwa Bagnères-de-Luchon. Azet zan fara bi a mako mai zuwa, domin in ga ko zagayen da zai tashi daga Arreau ya hau ta Saint-Lary ya sauko ta Génos zai dace da rabin yini. Peyresourde yana buƙatar hanyar dawowa da ba ta maimaita hawan ba, kuma wadda nake dubawa a taswira ita ce ta Port de Balès, sai dai ta fi shi tsayi, tana kuma rufewa da wuri, don haka idan dusar ƙanƙara ta riga ni, wannan babin zai jira watan Yuni, in yi amfani da hunturu wajen haɗa jimillar hawa da zana katunan.